Zaren kabon

zaren kabon (suna, namiji, jam'i: zarurrukan kabon) Zare baƙi mai ƙarfi da rashin nauyi, wanda ya fi gashin kai siranta, kaurinsa tsakanin maikiromita 5 zuwa 10. Galibi ana samunsa ta hanyar gasa zaren roba na PAN a zafin da ya wuce digiri 1,000 inda babu iskar oksijin, hanyar da Akio Shindo ya ɓullo da ita a Japan wajen 1960. Ana haɗa shi da danƙon efoksi a ƙera fukafukin jirgin sama da kekunan tsere.

Matsalarsa santsi ne, danƙo ba ya kama shi sosai. Shi ya sa a wasu lokuta ake haska shi da hasken gama na kobalt-60 ko a harba masa elektaron. Hasken yakan sa fatarsa ta yi kaushi, oksijin ya maƙale mata, sai danƙo ya riƙe shi gam. Hasken daidai gwargwado yakan ƙara daidaita jerin ƙwayoyin kabon a cikinsa. In ya yi yawa, sai ya ɓata jerin, zaren ya yi rauni. Aikin yana buƙatar awo na tsanaki.

*Misali:* An haska zaren kabon kafin a zuba masa danƙo.