Baibirafon a Gaban Rukuni: Tarihin Faifan Stick-Up! na Bobby Hutcherson

Baibirafon na cikin ƙananan kayan kiɗan jaz a shekaru, domin ba a ƙera shi ba sai a shekarun 1920 a Amurka, lokacin da piyano da ganguna da kayan busa suka riga suka kama wurarensu a wannan kiɗa na baƙaƙen fatar ƙasar. Siffarsa jerin ɓallayen ƙarfe ne da aka shimfiɗa bisa tsarin maɓallan piyano, ana bugunsu da sanduna masu kai da aka naɗe da zare, kuma a ƙarƙashin kowane ɓalli akwai bututu mai ƙara wa sautin amo. A bakin kowane bututu akwai ɗan marfi da ƙaramin injin lantarki ke juyawa, yana buɗe bututun yana rufewa, abin da ke sa sautin ya riƙa kaɗawa kamar muryar mawaƙi idan ya ja baiti. Kamfanin Leedy na birnin Indianapolis ne ya fara fitar da shi kasuwa, amma kamfanin Deagan na Shikago ne a 1927 ya ba shi siffar da ta ɗore, inda ya yi ɓallayen da alminiyam, ya kuma sa masa feda da makaɗi ke takawa don ya saki sautin ya yi ta amo ko ya kashe shi nan take. Ta fuskar asali yana da dangantaka ta nesa da balafon na ƙasar Mande da irinsa na arewacin Gana, waɗanda ɓallayensu na katako ne kuma ƙwarya ke ba su amo, sai dai shi ɗan masana'anta ne, kuma da farko an ɗauke shi abin ƙawa kawai, wanda ake taɓawa jefi-jefi a gidajen rediyo da na wasan kwaikwayo.

Mutum biyu ne suka fitar da shi daga wannan matsayi. Lionel Hampton, wanda asalinsa mai ganga ne, ya kaɗa shi a wani faifai na Louis Armstrong a 1930, sannan daga 1936 ya shiga rukunin mutum huɗu na Benny Goodman, wanda ya yi suna saboda ya haɗa farare da baƙaƙe a dandamali ɗaya a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi. Hampton ya kaɗa shi da ƙarfi da sauri, irin na mai ganga. Milt Jackson, ɗan Detroit da aka haifa a 1923, ya bi wata hanya dabam, domin ya rage gudun injin har sautin ya koma kaɗawa a hankali, ya kuma shigar da kayan cikin salon bibop, wato jaz ɗin zamani mai sarƙaƙiyar sauti da Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka assasa a shekarun 1940. A hannunsa ne baibirafon ya koyi rera bulus, wato tsohon salon waƙar baƙaƙen Amurka mai tsarin gaɓa goma sha biyu, kuma duk wanda ya zo bayansa sai da ya ratsa ta makarantarsa, ko ya amince da ita ko ya kauce mata.

Bobby Hutcherson, wanda aka haifa a Los Angeles ranar 27 ga Janairu 1941 ya kuma tashi a Pasadena, jin kiɗan Jackson a faifai ne ya ja shi zuwa ga wannan kaya tun yana yaro. Ya isa New York a farkon shekarun 1960 tare da rukunin Al Grey da Billy Mitchell, ya yi tuƙin tasi na ɗan lokaci don neman abin sawa a baka, kafin ya faɗa hannun wasu matasan makaɗa da ke neman sabuwar hanya. A 1963 ya yi aiki a faifan Jackie McLean mai suna One Step Beyond da na Grachan Moncur III mai suna Evolution, sannan a Fabrairun 1964 ya shiga faifan Eric Dolphy mai suna Out to Lunch!, wanda har yau ake ƙirga shi cikin manyan ayyukan wannan zamani. Abin da ya haɗa waɗannan faya-fayai shi ne babu piyano a cikinsu. A al'adar jaz piyano ne ke shimfiɗa haɗin sauti, wato sautuka uku ko huɗu ko fiye da ake bugawa tare don su zama turbar da mai busa zai bi, kuma da aka cire shi sai wannan nauyi ya koma kan Hutcherson, wanda ya riƙa riƙe sanduna huɗu, biyu a kowane hannu, yana jefa haɗin sauti a wuraren da kunne bai zata ba, yana kuma barin sarari mai yawa babu komai. Da wannan salo ya yi suna, kuma shi ya sa faifan da ya yi a 1966 ya cancanci a tsaya a kansa.

An ɗauki Stick-Up! ranar 14 ga Yulin 1966, kuma rukunin mutum biyar ne: Hutcherson a baibirafon kuma shugaba, Joe Henderson a saksofon mai matsakaiciyar murya da ake kira tena, McCoy Tyner a piyano, Herbie Lewis a bas, wato babban kayan tsirkiya mai kaurin murya da ake tsayar da shi a ƙasa ana kaɗawa da yatsu, sai Billy Higgins a ganguna. Rukunin mutum biyar da kunnen masu sauraro ya saba da shi a lokacin yana da masu busa biyu a gaba, galibi ƙaho da saksofon, da mutum uku masu riƙe kari a baya. A nan baibirafon ne ya karɓi gurbin ƙaho, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da saksofon wajen furta jigon kowane kiɗa, kuma wannan sauyi, ko da yake ƙarami ne a ido, ya canza launin faifan gaba ɗaya, domin sautin ƙarfe mai sanyi da sautin busa mai ɗumi idan suka bi layi ɗaya sukan haifar da murya ta uku da babu ɗayansu da ke da ita shi kaɗai.

Matsalar da ta fi girma tana tsakanin baibirafon da piyano. Dukansu kayan bugu ne, dukansu suna iya fitar da haɗin sauti, kuma mafi yawan sautukan baibirafon suna faɗawa ne daidai inda hannun dama na mai piyano ke aiki, saboda haka idan ba a yi hattara ba sai su riƙa taka ƙafar juna, kamar masu daka biyu a turmi ɗaya waɗanda ba su daidaita saukar taɓarya ba. Wanda aka ɗauko kuwa ba mai sassauƙan hannu ba ne. Tyner bai daɗe da barin rukunin John Coltrane ba a ƙarshen 1965, bayan shekara biyar a cikinsa, kuma an san shi da hannun hagu mai nauyi da ke kafa sauti a can ƙasa, da haɗin sauti da yake ginawa bisa tazarar huɗu-huɗu maimakon uku-uku da aka saba. Wannan gini nasa, wanda ba ya ɗaure mai kiɗa ga hanya ɗaya, shi ne ya buɗe wa Hutcherson ƙofa. Mai sauraro da ya kasa kunne zai ji cewa idan Tyner ya cika ƙasa da tsakiya, Hutcherson yakan ajiye haɗin sauti ya koma layi ɗaya mai gudu kamar mai busa, yana amfani da feda wajen yanke amon da wuri don kada ya dagula abin da piyano ke yi, idan kuma kiɗan ya lafa sai ya saki fedar ya bar ƙarfen ya yi magana. Wannan sanin lokacin yin shiru, a ra'ayin mai wannan rubutu, shi ne babban abin da faifan ya ƙunsa, kuma ya fi duk wata gwanintar saurin hannu da ke cikinsa daraja.

Kiɗa shida ne a faifan, biyar daga cikinsu Hutcherson ne ya tsara su. Na shidan, wanda aka buɗe faifan da shi, shi ne Una Muy Bonita na Ornette Coleman, kuma zaɓinsa ba haɗari ba ne, domin Higgins shi ne ya kaɗa ganguna a ainihin ɗaukar da Coleman ya yi masa a 1959, kuma rukunin Coleman ɗin a Los Angeles ya haɗu, garin da Higgins ya fito. Lewis ma ɗan Pasadena ne kuma abokin Hutcherson tun ƙuruciya, saboda haka mutum uku cikin biyar 'yan yanki ɗaya ne da suka haɗu a nesa da gida. Coleman ba ya amfani da piyano a wancan zamani, kuma da yawa daga masu sharhi sun ɗauki kiɗansa a matsayin tawaye ga ƙa'ida, amma rukunin Hutcherson ya ɗauko wannan jigo ya zaunar da shi a kan piyano da kari mai sa rausaya, ya nuna cewa daɗin rerawa na nan a cikinsa tun asali. Sauran sun haɗa da 8/4 Beat, da Summer Nights mai tafiya a hankali, da Black Circle, da Verse, da Blues Mind Matter wanda aka rufe da shi.

Ba a fahimtar ingancin irin wannan faifai sai an san al'adar kamfanin da ya fitar da shi. Alfred Lion, Bayahuden Jamus da ya yi hijira daga Berlin, ya kafa Blue Note a New York a 1939, abokinsa Francis Wolff kuma ya biyo shi ya zama abokin aikinsa kuma mai ɗaukar hotunan makaɗa. Kamfanin ya yi fice da wata ɗabi'a da mafi yawan takwarorinsa ba su da ita, wato yana biyan makaɗa kuɗin gwaji na kwana biyu ko uku kafin ranar ɗauka, abin da ya sa suke iya kawo sababbin kiɗe-kiɗe masu wuya maimakon su dogara ga tsofaffin da kowa ya haddace. Ɗaukar kanta a wuri ɗaya ake yinta, a wajen Rudy Van Gelder, wanda asalin sana'arsa gwajin ido da yanka tabarau ce, ya fara ɗaukar sauti a falon iyayensa a Hackensack, sannan a 1959 ya gina sutudiyo mai dogon rufin katako a Englewood Cliffs, jihar New Jersey. A can mutum biyar ɗin suka tsaya a ɗaki ɗaya, suna ganin juna suna jin juna, suka kaɗa komai tare a yini guda, ba tare da an ɗauki kowa shi kaɗai an haɗa daga baya ba. Baibirafon kaya ne mai wuyar ɗauka, domin saukar sanda kan ƙarfe tana da kaifi amon da ke biyo baya kuma siriri ne wanda kuge da ganguna ke iya binnewa, kuma yadda ake jin duka biyun sarai a wannan faifai shaida ce ta ƙwarewar Van Gelder. Dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda ya fito a 1948 ya maye gurbin tsohon faifan garmaho mai ɗaukar kimanin minti uku, shi ya ba kowane makaɗi filin da zai ƙirƙiri nasa nan take ba tare da an katse shi ba.

Wannan al'ada tana gab da sauyawa a lokacin da aka yi faifan. An sayar da Blue Note ga kamfanin Liberty a tsakiyar shekarun 1960, Lion ya yi ritaya a 1967, kasuwar matasa kuma ta karkata ga wasu salon kiɗa, kuma Stick-Up! bai fito ba sai 1968. Kafin nan Hutcherson ya bar New York. A wancan lokaci akwai a birnin wata doka da ta wajabta wa duk mai aiki a gidan rawa da ake sayar da giya ya mallaki wani kati daga hukuma, wanda ake iya ƙwacewa idan an kama mutum da laifi, dokar da ta hana Billie Holiday da Thelonious Monk aiki a gidajen birnin shekara da shekaru, kuma ta zalunci makaɗa ƙwarai. Hutcherson ya rasa nasa katin a 1967 bayan an kama shi da tabar wiwi, ya koma Kalifoniya, inda ya kafa wani rukunin mutum biyar mai irin wannan tsari tare da mai saksofon Harold Land, suka fitar da Total Eclipse wanda aka ɗauka a 1968 da Chick Corea a piyano. Hulɗarsa da Tyner ba ta yanke ba, domin a 1968 ɗin ya yi aiki a faifan Tyner mai suna Time for Tyner, tare da Lewis a bas, sannan a farkon shekarun 1990 su biyun suka ɗauki Manhattan Moods, faifan da babu bas babu ganguna babu mai busa a cikinsa, sai piyano da kayan sanduna kawai. Hutcherson ya rasu ranar 15 ga Agustan 2016 a Montara da ke gaɓar tekun Kalifoniya, Tyner kuma ya bi shi a Maris na 2020.