Kalmomi huɗu da suka ture shekarar 1956

Idan kana makarantar sakandare a Batsari ko Safana, malamin Turanci ya taɓa jan layi ƙarƙashin jimlarka ya tambaye ka "yaushe ke nan?", wataƙila ka ɗauka tsanani ne kawai. To, duba abin da ya faru a Majalisar Wakilai ta Legas ranar 31 ga Maris, 1953.

Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Jimla ce tsaf, ga abin da ake nema, ga lokaci. Sai Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a sa "as soon as practicable", wato da zarar abin ya yiwu.

Kada ka zaci ƙarancin Turanci ne. Sardauna ɗalibin Kwalejin Katsina ne, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, makarantar da ta yi suna wajen horar da ɗalibanta su iya Turanci kamar bakin uwarsu. Can Tafawa Ɓalewa ma ya yi karatu. Mutumin ya san abin da ya zaɓa. Ka lura bai ce "practical" ba, abin da ke da amfani a aikace. Ya ce "practicable", abin da za a iya aiwatarwa. Amma wa zai ce lokacin ya yi? Da wane ma'auni? Jimlar ta yi shiru, kuma shirun nan ake so. Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshin gwamnati, shugabanninta na tsoron 'yan Kudu su cike guraben. Shekara tana ɗaure mutum, "practicable" kuwa tana ba shi sarari.

A ganina 'yan Kudu sun karanta jimlar daidai, shi ya sa suka fusata. Wakilan Action Group da NCNC suka fice daga majalisa, jama'a suka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas. A watan Mayu, ziyarar tawagar Samuel Akintola ta haddasa tarzomar kwana huɗu a Kano, mutum sama da 30 suka mutu.

Daga baya kowane yanki ya sa tasa ranar: Yamma da Gabas 1957, Arewa 15 ga Maris, 1959.