Fuskar Waya a Daura, Jiya da Yau

Waya ta farko da na riƙe a hannuna Nokia 3310 ce, ta wani kawuna mai fatauci tsakanin Daura da kasuwar Mai'aduwa. Fuskarta ba ta kai kwalin ashana ba, haskenta kore-kore, rubutun baƙi, har kana iya ƙirga ɗigon da suka haɗu suka yi harafi: 84 a kwance, 48 a tsaye. Duk da haka, ranar da ya shigo da ita gida sai da maƙwabta suka cika mana zaure.

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, zamanin Obasanjo, lokacin da layi kaɗai kan kai naira dubu 20. Sabis bai wadace mu nan take ba. Na tuna a ƙauyen kakannina, ta wajen Baure, sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. A wancan zamani ba wanda ya damu da kyan fuska, in dai murya ta fita, batir ya kwana uku, an gode Allah. Daga baya 'yan Chana suka shigo da amon sifika da layi biyu, abin da ya yi wa mutanen Kwangwalam da ke bakin iyaka daɗi, don ga layin Najeriya ga na Nijar a aljihu ɗaya.

A 2010 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 4, mai ɗigo 326 a kowane inci, yadda ido ba ya iya rarrabe su. A teburin mai shayi na ji ana cewa wannan ta manyan Abuja ce, talaka sai dai ya gani a hannun wasu. Ashe ba haka ba ne. Ba ta hanyar Amurka fuska mai kyau ta iso Daura ba, ta Shenzhen ta biyo, wajen kamfanin Transsion mai Tecno da itel da Infinix, ta sauka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, daga nan ta hau motar Daura. Yau wayar da ɗan acaɓa ke riƙewa tana da ɗigo 720 a kwance, 1,600 a tsaye, sama da miliyan ke nan. Ta kawuna 4,032 gare ta.

Abin ya sauya mana kallo. A da, wanda bai samu zuwa hawan Sallar Gani ba sai dai ya ji a baki. Yanzu ɗan Daura da ke Legas ko Makka yana ganin Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar a kan doki, har zaren alkyabba ya fito tar. Ranar 15 ga Yulin 2025 da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura, duk inda ka waiga hannuwa ne a sama riƙe da waya.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne ranar da waya ta faɗi. Akwai wani yaro mai gyara da nakan zauna a rumfarsa. Na ga yadda yake ɗora fasasshiyar waya a kan injin zafi har gam ya saki, ya zare gilashin a hankali, ya ɗaga siririyar igiyar da ke haɗa shi da injin waya da ɗan hantsaki, numfashi ma a ɗauke. Daga nan ya tambayi mai ita: "Alhaji, orijinal ko kwafi?" Tun da naira ta faɗi a 2023, yawanci kwafi ake zaɓa, don kuɗin orijinal kan tasam ma rabin kuɗin wayar. Kwafin kuwa a inuwa lafiya lau, amma da ka fita ranar azahar sai ya dushe, kala ta koɗe, wani ma ya daina karanta zanen yatsa. Wannan yana damuna matuƙa, domin mutum ya yi tanadin watanni ya sayi fuska mai kyau, faɗuwa ɗaya ta mayar da shi baya shekara goma.

Don haka, ɗan'uwa, in ka kai gyara, kada ka biya sai an kunna maka ita a tsakiyar rana, ka gani da idonka.