Daga Harawa Zuwa Tunkuza: Tarihin Gyaɗar Maraɗi da Kewayen da Ya Tsinke

A wani taron ɗalibai da muka yi bana, wani ɗan uwa mai karatun tattalin arziki ya yi mana bayani a kan abin da Faransawa ke kira « économie circulaire », wato tattalin arziki mai kewayawa. Ya ce kaya na bin hanya iri biyu. Akwai miƙaƙƙiyar hanya: a tono, a sarrafa, a saya, a zubar. Akwai kuma mai kewaye, inda saurar wannan sana'a ke zama jarin waccan, har abin ya koma inda ya fito. Ya ce duniya yanzu ta biyun take nema a dukkan sarƙar da kaya ke bi daga gona zuwa hannun mai saye.

Ni da nake karatun harshe, abin da ya faɗo mini a rai shi ne kalmomi. Na ɗauki tsiro guda, gyaɗa, wadda wasunmu ke kira gujiya, na fara lissafa sunayen abin da ke fita daga jikinta. Sai na tarar kowane guntu da sunansa. Mutane kuwa ba su wahalar raɗa wa abu suna sai yana da amfani gare su. Daga nan na bi tarihin gyaɗa a ƙasar Maraɗi, don a cikinsa ne ake ganin yadda kewaye ke aiki, da yadda yake tsinkewa.

Kowane guntu da sunansa

Gyaɗa baƙuwa ce a wurinmu. Asalinta Amurka ta Kudu, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ta biyo fatake har ta iso ƙasar Hausa. Amma ta zauna ta yi gida, har ta samu sunaye.

Idan aka tuge ta, ganye da reshen da suka bushe su ne harawa. Ba a barin ta a ƙasa, ana ɗaure ta a ɗora bisa rumfa ko a kan itace, a riƙa ba rago da akuya cikin rani. Idan aka ɓare, ɓawon ya shiga murhu ko a watsa shi a turke. Ƙwayar kuwa mata su soya, su murje, su sheƙe, su daka, su yi ta juyawa da ɗan ruwan zafi har mai ya taso. Abin da ya rage bayan an matse man shi ne tunkuza. Ita ma ba a zubar da ita: a mulmula, a soya cikin man da aka tatsa daga jikinta, ta zama ƙuli-ƙuli. Ƙulin a daka shi ya shiga yajin tsire, ya shiga kwaɗon zogale da na rama. Mai kilishi ma da ita yake haɗa labun da yake tsoma nama. To dabbar da ta ci harawa fa? Ta ba da taki, a loda wa jaki a mangala, ya koma gonar da gyaɗar ta fito. Tokar murhu ma ta bi shi.

Ku duba da kyau: manomi, mai matsar mai, mahauci, mai kiwo, mai jaki. Sana'a biyar ke nan a kan tsiro ɗaya, kuma kusan duka a cikin tafiyar da ba ta wuce kasuwar mako ba.

Ba gyaɗa kaɗai ba. A marina, laka da ke kwanciya ƙasan rijiyar baba ana kwashe ta a ƙona, ta zama katsi. Katsin nan, in an haɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fata da kuma dafara, shi ne laso, wanda ake shafe rijiyar rini da rufin soro da shi. Dattin marini da dattin majemi sun zama sumuntin magini. Haka kuma bayan girbi, Bafillace kan sauka da shanunsa a gonar Bahaushe, su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi da ruwan rijiya. Buzayen Abzin ma, bayan sun ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, kudu suke gangarowa da raƙumansu su yi rani a gonakin da aka girbe, su koma da hatsi.

Kada dai mu ruɗi kanmu. Kakanninmu ba su yi wannan don sun karanta wani littafi ba. Rashi ne ya koya musu, kuma aikin mai nauyi a wuyan mata da bayi ya faɗa. Abin lura shi ne tsarin kansa: abin da aka ɗauka daga ƙasa yana da hanyar komawa.

Yadda aka miƙe layin

Da Nasara suka zo, suka aza lanho, suka ce da kuɗinsu za a biya, ba da wuri ba. Manomi kuwa ina zai samu kuɗin Nasara in ba ya noma abin da Nasara ke saye ba? Abin da masana'antun mai da sabulu na Faransa ke so shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Wannan ya kawo teku kusa da Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1930 noman gyaɗa ya fara bazuwa a kudancin Nijar, bayan yaƙin duniya na biyu kuma ya yi ƙarfi sosai.

Manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna da sikeli. Da kaka sukan ba dillalai kuɗi su shiga ƙauyuka saye, kuma daga cikin dillalan nan ne da yawa daga Alhazan Maraɗi suka taso, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa kansu na 1986. Buhuna su taru, kamyo ya kwashe zuwa tashar jirgi, daga can Legas, daga Legas sai Marsey ko Bordo. A farkon shekarun 1950 Faransa ta buɗe wata hanyar ta Dahome da aka kira « Opération Hirondelle »: motoci su sauka da gyaɗa Paraku, jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano, su hauro da kayan kanti don kada su dawo wayam. Dabara ce mai kyau ta sufuri, mota ba ta tafiya banza. Amma ku tambayi kanku: me ke sauka, me ke haurowa? Ƙarfin ƙasa ke sauka cikin buhu. Yadi da sukari da kananzir ke haurowa. Babu ɗaya daga cikinsu da ake zubawa a gona.

A nan ne kewayen ya fara tsinkewa. Gaskiya ne harawa da ɓawo sun tsaya gida, tunda ɓararriyar gyaɗa ake fitarwa. Amma mai da tunkuza sun haye teku. A Turai aka matse man, tunkuzar kuma ta zama abincin shanunsu, takin ya sauka a gonakinsu. Ko da aka kafa masana'antar mai ta Siconiger a Maraɗi a 1942, akasarin abin da take fitarwa kasuwar waje ya nufa.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962, ta karɓe cinikin daga hannun kamfanonin Turawa. Hannun da ke riƙe da sikeli ya canja, hanyar kuwa tana nan yadda take. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga abin da take sayarwa waje.

Abin da ƙasa ta biya

Wani zai ce ai gyaɗa dangin wake ce, saiwarta na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Haka ne. Amma tuge ta ake yi gaba ɗaya, ganye da ƙwaya, a bar fili tsirara iskar hunturu ta yi ta kwasa. Ƙasarmu kuma jigawa ce, tun asali ba ta da wadatar sinadarin fosfor. A da, in gona ta gaji sai a bar ta saura ta huta shekaru. Da gyaɗa ta zama kuɗin lanho da na aure, ga mutane na ƙaruwa, sai hutun ya gajarce. Aka sare daji, aka ci makiyaya da burtali, gonakin hatsi suka yi ta turawa arewa. Har sai da gwamnati ta yi doka a 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma manoma suka tsallake ta.

Sai masifu suka zo a jere. Wajen ƙarshen shekarun 1960 Faransa ta janye farashi na musamman da take sayen gyaɗarmu da shi. Fari ya kama daga 1968 ya kai maƙura a 1973 da 1974. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta gama da abin da ya rage. Manoma suka koma wake da hatsi, gwamnati ta juya ga uraniyom ɗin Arlit da aka fara haƙa a 1971, SONARA ta yi ta rarrafe har ta mutu. Sarƙar da aka gina a kan kaya ɗaya, hanya ɗaya da mai saye ɗaya, da ta tsinke babu inda za a kama. Mace mai matsar mai a zaurenta kuwa ba ta daina ba, har yau ƙulinta na kan faranti a kowace tasha.

Tsinkewar ba ta tsaya a ƙasa ba, ta shiga tsakanin mutane. Da fili ya yi wuya, manomi ya fara kwashe karansa da harawarsa ya ajiye ko ya sayar. Makiyayin da a da ake roƙo ya sauka a gona ya zama wanda ake kora. Dalilan rikicin manoma da makiyaya suna da yawa, ban ce gyaɗa ce kaɗai ba. Amma mutum biyu da ke musayar kara da taki ba su saurin zare wa juna makami. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, an kashe Fulani fiye da 100, akasari mata da yara. Wanda ya ɗauka maganar kewaye maganar shara ce kawai, ya tuna da wannan.

Abin da ba shi da suna

Yau layin ya juyo da baya. Da kaya ke fita ba ya dawowa, yanzu kaya ke shigowa ba shi da mafita. Man ja na Asiya ya cika kasuwa cikin jarkoki. Jarkar dai mun san yadda muka yi da ita, ta zama tulun ƴan ga-ruwa. A kasuwar Katako ta Yamai maƙera na narka tsoffin gwangwanaye da sassan mota su zuba tukwane, su mai da tsohuwar ganga akwati da murhu. Tsohuwar taya ta zama takalmi da guga. Hannunmu bai manta ba.

Leda ce ta gagare mu. Ku lura, ƙundun da ke rataye a ƙaya sunansa leda, wadda ke hannun mai tsire ma leda. Ba ta da suna na biyu, domin ba ta da rayuwa ta biyu. Tana toshe magudanan ruwa, tana kashe jar akuyar Maraɗi da muke taƙama da fatarta. An yi dokar hana ta a 2014, amma kowa ya je kasuwa ya san inda dokar ta tsaya.

Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa, kuma daga ƙasar nan tamu ya fito. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar toho a gyara shi ya zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo haka sun kai kimanin eka miliyan 5 ta awon hekta. Gawo shi ne sarkinsu. Yana zubar da ganye da damina, hatsi ya samu rana da taki, da rani kuma ya yi inuwa, dabbobi su taru su ci ƴaƴansa su bar kashi a gindinsa. Kewayen ne ya sake ɗinkewa, ba tare da kamyo ko sikeli ba.

To ƴan uwa, mu da za mu riƙe ma'aikatu da ƙungiyoyin manoma gobe, me tarihin nan ya bar mana? A ganina tambayoyi uku ne, kuma ya kamata a yi wa duk wani kaya da muke fitarwa su, ko albasar Galmi ce, ko riɗi, ko aya, ko fata. A ina ake sarrafa shi? Saurarsa hannun wa take faɗawa? Me ke komawa gonar da ya fito? In an matse riɗi a Maraɗi, tunkuzarsa tumakinmu za su ci. In an loda shi ɗanye, mun sake maimaita labarin gyaɗa.

Mu kuma ɗaliban harshe, ga namu aikin. Wannan hutun, kowa ya zauna da tsofaffin gidansu, da marini ko majemi in akwai saura a garinsu, ya rubuto sunayen saurar abubuwa: dusa, ƙaiƙayi, tsaki, katsi, da waɗanda ni ban taɓa ji ba. A rubuta yadda ake faɗa a Gobir, da Adar, da Arewa, da Damagaram, da abin da ake yi da kowanne. Ku kawo mu haɗa a fitowa ta gaba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye ta. Allah ya ba mu ikon yi.