Albashin Udoji da Rayuwar Masu Matsakaicin Hali a Najeriya

Tun zamanin Turawa, ma'aikatan gwamnati ne ƙashin bayan masu matsakaicin hali a Najeriya: malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan asibiti da na jirgin ƙasa. Kwamitoci ne ke duba albashinsu lokaci zuwa lokaci. Jan ƙafar da gwamnati ta yi kan rahoton kwamitin Morgan ya haddasa yajin aikin gama-gari a 1964, kuma bayan yaƙin basasa kwamitin Adebo ya kawo wani ƙarin albashi. Amma wanda ya fi zama a zukatan mutane shi ne na Udoji.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamitin a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, domin gyara tsarin aikin gwamnati. Ya miƙa rahotonsa a 1974, daidai lokacin da farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, baitulmali ya cika. Aka jera ma'aikata a matakai 17, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas tun daga watan Afrilun 1974.

Kuɗin sun shigo a dunƙule, suka sauya fasalin gidaje. Ƙananan ma'aikata suka sayi keke, rediyo da babur. Manya suka sayi firiji da talabijin, wasu suka karɓi rancen mota suka hau Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Wasu suka ƙara aure, wasu suka biya kujerar Makka. Shinkafa 'yar waje, burodi da madarar gwangwani suka shiga cefanen yau da kullum, kantunan Kingsway da Leventis suka yi ta ciniki.

Sai dai kuɗi sun ƙaru, kaya ba su ƙaru ba. 'Yan kasuwa da masu gidajen haya suka ɗaga farashi, ma'aikatan kamfanoni suka shiga yajin aiki suna neman nasu Udojin, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975. Manomi, wanda ba ya karɓar albashi, shi ya fi jin jiki, matasa da yawa suka bar gona suka nufi birni.

Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi a naira 125 a wata a 1981, ta koma tsuke bakin aljihu a 1982. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986 ya karya darajar naira, ma'aikaci ya koma haɗawa da noma, kiwo da kabu-kabu kafin wata ya ƙare. An ci gaba da ƙara mafi ƙarancin albashi na wata: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Duk da haka, darasin 1975 bai sauya ba: ƙarin albashin da ba ya tafiya tare da ƙaruwar noma da masana'antu, kasuwa ce ke cinye shi.