Taswirar Ƙarƙashin Ƙasa: Tarihin Ƙungiyoyin Shiga Kogo da Awon Koguna a Ingila

A arewacin Ingila, a yankin Yorkshire, akwai wani tsauni da ake kira Ingleborough, wanda galibin jikinsa dutsen farar ƙasa ne, irin dutsen da ruwa ke ci sannu a hankali har ya fafe hanyoyi da ɗakuna a cikinsa. A gefen wannan tsauni wani rafi mai suna Fell Beck yake kwarara cikin bakin wani rami da ake kira Gaping Gill, inda ruwan ke faɗawa kimanin mita 98 kafin ya taɓa ƙasa. Wannan rami na daga cikin wuraren da al'adar shiga kogo don nishaɗi ta fara kafuwa a ƙasar, kuma tarihinsa na nuna yadda wasan masu ƙarfin hali ya rikiɗe ya zama ilimi mai ƙa'ida, albarkacin awo da zanen taswira.

A shekarar 1842 wani mutumin yankin mai suna John Birkbeck ya sa aka karkatar da rafin aka zura shi da igiya, amma bai wuce wani ɗan tudu da ke tsakiyar ramin ba. Sai a ranar 1 ga Agusta 1895 ne Édouard-Alfred Martel, lauya ɗan ƙasar Faransa wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin koguna na zamani, ya sauka har ƙasa da tsanin igiya, ɗauke da wayar tarho da yake magana da mutanen sama. Abin da ya bambanta saukarsa da na masu neman suna shi ne ya fito da zanen babban ɗakin da ya tarar, domin a ganinsa shiga kogo ba ta cika sai an dawo da bayanin da wani zai iya bi ya tabbatar.

Ganin baƙo ya riga su ya zaburar da 'yan ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Yorkshire, wadda aka kafa a 1892, suka sauka ramin a 1896, suka kuma ci gaba da binciken rassansa a shekarun da suka biyo baya. Daga baya ƙungiyoyin da suka keɓanta da koguna suka bayyana: ta Jami'ar Bristol a 1919, ta Craven a 1929, ta Bradford a 1933, sai ta Wessex a 1934. Yawancin mambobinsu ma'aikata ne da ɗalibai da ke fita a ƙarshen mako, kuma a cikin ƙungiya sabon shiga ke koyon aikin ta hanyar bin na gaba da shi, tun daga riƙe bakin tef har ya kai ga riƙe littafin rubutu.

Asalin awon kogo bai da wuyar fahimta, wahalarsa tana wajen aiwatarwa. Ana zaɓen wurare a jikin bango ko kan dutse a matsayin tashoshi, sannan a auna abubuwa uku tsakanin kowace tasha da mai bi mata: nisa da tef, fuska da kamfas, da kuma hawa ko gangara da wani ƙaramin ma'auni da ke nuna karkata. Galibi mutum uku ne ke aikin, ɗaya ya ja tef ya haska tasha ta gaba, na biyu ya kwanta cikin laka ko ruwan sanyi ya karanta ma'aunai, yana kaffa-kaffa kada ƙarfen fitilar goshinsa ya ja allurar kamfas, na uku kuma ya rubuta alƙaluman da fensir a takardar da ruwa ba ya ɓata ta, yana maimaita su da ƙarfi don a tabbatar, tare da zana faɗin hanya da duwatsun da suka zube. Idan hanya ta zagayo ta dawo tashar da aka taɓa aunawa, tazarar da ta rage a lissafi ita ce ke bayyana girman kuskuren da aka yi.

Da taswirori suka yawaita, sai aka rasa yadda za a gane wadda aka zana da ka da wadda aka auna da kulawa. Wannan ya sa Ƙungiyar Binciken Koguna ta Birtaniya ta fito da tsarin darajoji a 1950, wanda ƙungiyar ƙasa da ta gaje ta a 1973 ta gyara ta riƙe. Daraja ta 1 zane ne kawai ba tare da awo ba, daraja ta 5 kuwa, wadda ƙungiyoyi suka fi nema, tana buƙatar kada kuskuren kusurwa ya wuce digiri ɗaya, kada kuma na matsayin tasha ya wuce santimita 10. Ta haka mai duba taswira ya san iyakar abin da zai dogara da shi.

Amfanin wannan tsantseni ya fito fili a Gaping Gill ɗin kansa, domin an daɗe da sanin cewa ruwan da ke faɗawa ramin yana fitowa ta wajen wani kogo da ake kira kogon Ingleborough, amma sai da awo ya nuna inda rassan kogunan biyu suka fi kusantar juna kafin masu ninƙaya cikin kogo suka haɗa su a 1983. Daga shekarun 1990 manhajojin kwamfuta irin su Survex suka karɓi lissafin da ake yi da hannu, daga baya kuma na'urar leza ta fara maye gurbin tef, sai dai har yanzu mutum ne ke rarrafawa ya zaɓi tasha ya zana bango. Ƙungiyoyin Bradford da Craven suna kafa injin zura kujera a bakin ramin sau ɗaya kowacce a shekara, su saukar da jama'a cikin ɗakin da Martel ya fara zanawa.