Yadda Zangon Kumasi ya sauya sheƙa a siyasar Gana

Tun kafin samun 'yancin kai siyasar Gana ta rabu gida biyu. Gida ɗaya na Kwame Nkrumah ne da jam'iyyarsa ta CPP, masu son gwamnatin tsakiya ta riƙe ragamar tattalin arziki, ta kuma rage wa sarakuna ƙarfi. Ɗayan kuwa na J.B. Danquah ne da Kofi Busia, masu ra'ayin a bar sarauta da martabarta, a bar ɗan kasuwa da dukiyarsa, a raba iko tsakanin yankuna. Yau ana kallon Zangon Kumasi a matsayin tungar jam'iyyar NDC, alhali manyansa na da suna tare da masu ra'ayin riƙau ne, wato gidan Danquah da Busia.

Dalilin a fili yake. Manyan Zango fataken goro ne da dillalan shanu da masu masauki, zaune a ƙasar Asantehene, sarkin Ashanti, don haka mutuncin fada rufin asirinsu ne. A 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP. A watan Satumba na shekarar Baffour Osei Akoto, kakakin Asantehene Prempeh na Biyu, ya jagoranci kafa jam'iyyar adawa ta NLM, bayan gwamnati ta ƙayyade kuɗin koko a sule 72 kowane kaya. Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da Alfa Usman Lardan suka haɗa kai da NLM, Malam Mutawakilu kuma ya bi CPP. Zango ya dare biyu, har ana ba hammata iska.

Da Gana ta samu 'yanci a 1957, gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar Amadu Baba da Lardan a matsayin baƙi. Suka garzaya kotu suna cewa haifaffun ƙasar ne. Shari'a ba ta kai ƙarshe ba majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. MAP ta narke cikin jam'iyyar United Party, aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila, sarautar Zango kuma ta koma hannun Mutawakilu.

Babban ciwon daga hannun tsofaffin abokai ya zo. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane suka karyar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka ɗaure tabarmi da tukwane, suka cika manyan motoci. Cikinsu har da waɗanda a Kumasi aka yanke musu cibiya.

Da aka dawo siyasar jam'iyyu a 1992, jam'iyyar NPP, abokiyar hamayyar NDC, ta gaji Danquah da Busia, ta kuma gaji wannan tabo. Ta yi ta ƙoƙarin wanke shi: ta kafa reshen Nasara domin mutanen Zango, ta tsayar da Aliu Mahama da Mahamudu Bawumia mataimakan shugaban ƙasa, ta kafa asusun raya Zango a 2017. Duk da haka mazaɓar Asawase, a tsakiyar yankin Ashanti inda NPP ke cin karenta babu babbaka, tana hannun NDC tun 2004, kuma Muntaka Mubarak ke riƙe da kujerar tun 2005.

Mutumin Zango ya sha kora a hannun gidajen biyu. Shi ya sa kafin ya saurari batun kasuwa ko na sarauta, yakan fara auna wace jam'iyya ce ta yarda shi ɗan ƙasa ne. Ko a 2024, da NPP ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa, kujerar Asawase ba ta motsa ba.